Rashin ƙarfin gaba da abin da salula ke gaya muku: tambayoyin da ake yawan yi mini a farmasi

Akwai wani irin mutum da nake ganewa tun daga bakin ƙofa. Ba ya zuwa da rana, sai bayan isha'i, ya raɓe gefe yana kallon sabulai har matan da ke gabanshi su watse, ya sayi farasitamol na dala ashirin, sannan ya turo mini salularshi bisa kanta bai ce uffan ba. In na duba, hoton wani kwali ne da ya ɗauko a WhatsApp, ko bidiyon wani mai magani yana rantse-rantse. Na daɗe ina sayar da magani nan Tahoua, ni ba likita ba ne, amma tambayoyin nan na ji su har na hardace. Ga su, da amsar da nake bayarwa in babu kowa kusa.

Sau ɗaya abin ya ƙi tashi, na kamu ke nan?

A'a ɗan'uwa. Da wuya ka ga namijin da hakan bai taɓa samu ba, sai dai wanda bai faɗa ba. Gajiya, zafin watan Afrilu, bashi, rashin barci, faɗa da iyali, duk suna iya kwantar da mutum dare guda ko biyu. Likitoci ba su kiran abin ciwo sai ya riƙa maimaituwa kamar wata 3, gaba ba ta miƙewa ko ta miƙe ta kwanta kafin a biya buƙata. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Wani babban bincike da anka yi a Massachusetts ta Amurka, ya fito a 1994, ya samu kashi 52 cikin 100 na maza ƴan shekara 40 zuwa 70 suna da matsalar, wasu kaɗan wasu sosai. Lissafa mutanen fadarku masu furfura ka raba biyu.

Ka kuma rarrabe abu uku da mutane ke haɗewa wuri guda: rashin miƙewa daban, saurin kawowa daban, mutuwar sha'awa daban. Masu talla ne ke zuba su a kwalba ɗaya don kwalba ɗaya gare su.

Kowa a TikTok cewa yake ɗankanoma ne ko sanyi. Gaskiya ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai. Ɗankanoma, wato basir, jijiyoyin jini ne na dubura da sunka kumbura, yana da zafi, yana zubar da jini, yana hana mutum sakewa, amma ba shi ke riƙe da gaba ba. Abin da ya sa masu magani ke son shi, kusan kowa ya taɓa fama da bushewar ciki ko kumburi, to da an ce maka "in kana jin cikinka na ƙugi kai ne" sai ka ce wallahi ni ne. Sanyi kuma buhu ne da ake zuba komi a ciki. In akwai fitar ruwa ko zafin fitsari to ƙwayar cuta ce, a je a auna a ba ka maganin da ya dace kai da iyali, ba ka yi ta haɗiyar kafso daga tire ba.

Miƙewa aikin jini ne. Sha'awa ta taso daga kai, jijiyoyi su kai saƙo, hanyoyin jini na gaba su buɗe jini ya cika, hanyar komawarshi ta matse. Duk abin da ke ɓata hanyar jini ko jijiya yana ɓata wannan aiki: ciwon suga, hawan jini, kitse a jini, taba, ƙiba da zama wuri guda. Kuma ga abin da ba za ka ji a bakin mai talla ba, hanyoyin jinin gaba sirara ne, milimita 1 zuwa 2, na zuciya kuwa 3 zuwa 4. In tsatsa ta fara kama bututu, ƙaramin ke fara toshewa. Shi ya sa rauni a shimfiɗa kan riga ciwon zuciya bayyana da ƴan shekaru.

Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa da ya sha jiƙon ɗankanoma kusan shekara biyu, har zawo ya rame da shi. Da ƙyar na lallashe shi ya je awon suga da safe bai karya ba, ya dawo da takardar a ninke cikin hula, sugarshi ta haura giram 2 a litar jini. Ya ce mini "ɗana, ashe shi ya sa nake tashi fitsari sau biyar cikin dare."

Domi in na bincika sai masu sayarwa nake gani, ba likitoci ba?

Don su ke da riba a ganinka. Ka tsaya kan bidiyo guda na maganin maza har ƙarshe, TikTok ko Facebook sun gane, gobe su jero maka goma, har ka ɗauka duk duniya abin da ake magana ke nan. Ga kuma matsalar harshe. Bayanin likitoci mafi yawa da Faransanci yake ko Turanci, a rubuce, dogo. Mai talla kuwa da Hausa yake maka vokal, ya kira ka Alhaji, ya yi sallama, ya jawo aya, ya ce sirrinka a rufe. Da yawansu ma daga ƙetaren iyaka suke, kayan su biyo motar Ƙonni. Wanda karatun boko bai yi nisa ba, wa zai saurara?

Ni ban ga laifin wanda ya fara da salula ba. A garin da in ka shiga asibiti sai ka haɗu da surukinka a layi, dole mutum ya fi son tambayar abin da ba ya da baki. Kunya ce jarin masu tallan nan.

To ƙaƙa zan gane bayanin kirki?

Kalmar da ka rubuta ita ke zaɓa maka wanda za ka haɗu da shi. Ka rubuta "maganin ƙarfin maza" ko "faiblesse sexuelle", kasuwa ka shiga. Ka rubuta "dysfonction érectile", sai ka fara ganin shafukan asibitoci da na likitoci. In Faransancin ya yi maka nauyi ka sa salular ta fassara, ko da fassarar ta zo a karkace.

Sannan ka lura: wanda ya ba ka bayani ya ƙare da lambar waya da farashi, ɗan kasuwa ne ko da ya sa farar riga. Wanda ya ce maganinshi na warkar da suga da basir da rashin haihuwa da ƙanƙancewar gaba duk a tare, ƙarya yake. Wanda bai taɓa cewa "wane da wane kada su sha" ba, bai san magani ba ko bai damu da kai ba. Hotunan saƙon godiya da suke nunawa kuwa, mai salula biyu yana iya rubuta ma kanshi ɗari kafin la'asar. Samari na tambayata batun ChatGPT, yana da amfani wajen fahimtar kalma ko shirya abin da za ka gaya ma likita, amma yana kuskure da cikakken ƙarfin hali, kuma ba ya iya ɗaura maka abin awon tansiyo a hannu.

Ita Viagra ɗin mi ce ce, kuma tana aiki da gaske?

Tana aiki, kuma ba sihiri ba ce. Sunan sinadarin sildenafil, kamfanin Pfizer ya yi shi, asali ma don ciwon ƙirji na zuciya anka fara gwada shi, sai Amurka ta amince da shi don matsalar gaba a 1998. Yanzu kamfanoni da yawa na yin shi da sunaye daban-daban, ka duba ƙaramin rubutu ƙarƙashin sunan. Yana zuwa 25, 50 da 100 mg, ana sha kamar awa guda kafin, aikinshi na kai wajen awa 4, kuma ba a wuce sau ɗaya a yini. In ka cika ciki da nama mai maiƙo zai yi jinkirin kamawa. Ɗan'uwanshi tadalafil, wanda aka fi sani da Cialis, ya fito a 2003, shi yana kai awa 36 a jiki.

Abin da mutane ba su gane ba, ƙwayar ba ta kawo sha'awa, hanyar jini kawai take taimaka ma ta buɗe in sha'awar ta zo. Wani ya sha ya zauna yana kallon silin yana jira, ya dawo ya ce na sayar mishi da jabu. Ba ta ƙara girma, ba ta warkar da tushen ciwon. Ciwon kai, toshewar hanci, zafin fuska, ƙwannafi, wani ya ga abubuwa sun yi shuɗi-shuɗi, tadalafil kuma ciwon baya, waɗannan sanannu ne. Gani ko ji ya ɗauke farat ɗaya, wannan na asibiti ne nan take. Duk kwalin da ka ga an rubuta sildenafil 150 ko 200 mg da hoton doki ko damisa, ya wuce iyakar da anka amince da ita, ajiye shi.

Wane ne bai kamata ya sha ba?

Na farko, kuma ka riƙe wannan ko ka manta sauran: mai shan maganin zuciya na dangin nitrate, irin trinitrine da ake sa wa ƙarƙashin harshe ko a fesa, ko isosorbide. Haɗa su da sildenafil ko tadalafil na faɗar da jini ƙasa warwas, ana mutuwa. Sai wanda bai daɗe da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, wanda hawa ƴar matakala ke sa shi haki da ciwon ƙirji, mai ciwon hanta ko ƙoda mai tsanani, da mai shan maganin prostate, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, irin wanda ke saukar da jini, shi sai likita ya daidaita mishi. Masu sikila su karanta amsar miƙewar da ta ƙi kwanciya, tana nan gaba. Dalilin ordonansi ke nan, ba wulaƙanci ba ne in mun tambaye ta.

Ni ba na shan na Bature, zuma nake saye da kofi na gargajiya zalla. Ai babu illa?

Wani ɗan bida da ya dawo daga Abijan ya kawo mini ƴar leda mai ruwan zinariya, zuma ce wai da ganyaye, ya ce tana aiki kamar wuta sai dai tana sa mishi ciwon kai hancinshi ya toshe. Na ce koma ka karanta illolin da ke jikin takardar sildenafil. Ya karanta ya yi shiru.

Ba zargi nake ba. A 2022 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni 4 masu sayar da irin wannan zuma bayan awo ya nuna sildenafil da tadalafil a ciki ba a rubuta ba, kuma an sha kama kofi da ƙwayoyin "ganye" da wannan halin. Matsalar a nan, ba ka san nawa anka zuba ba, leda ɗaya kaɗan wata ninki, kuma mutumin da ke guje ma Viagra don yana da ciwon zuciya shi ne ke rugawa wurin "na gargajiya", duba amsar da ke sama ka ga inda hakan ke kai shi. Ko ƙwayar ma in daga tire ko intanet ta fito babu tabbas, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a 2017 kusan magani 1 cikin 10 a ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci, balle wanda ya wuni cikin ranar Tahoua bisa kan yaro. Dabino da aya da zuma ta gaskiya abinci ne, ka sha abinka, sai dai in kana da suga ka san zumar da kake ɗurawa kullum tana ƙara rura wutar da ta kawo matsalar.

Abokaina na shan tramol don su daɗe. Fa?

Tramol, wato tramadol, maganin ciwo ne dangin opium. Gaskiya yana jinkirta kawowa, shi ya sa ya kama samari da ƴan kabu-kabu. Amma jiki na sabawa, sai ka ƙara, na titi ma 225 mg ake rubuta mishi alhali na asibiti 50 ne ko 100. Yana kawo farfaɗiya, in an daɗe ana sha yana rage sinadarin namiji, sha'awar ta mutu, miƙewar ta bi ta. Sai yaro ɗan shekara 25 ya koma haɗa tramol da sildenafil da lemun ƙarfi. In ka riga ka saba kada ka yanke rana ɗaya, je likita a rage maka sannu-sannu. Saurin kawowa yana da nashi magani da dabaru.

Na sha abu, ta miƙe ta ƙi kwanciya. In jira?

In ta kai awa 4, kada ka jira safiya, kada ka tsaya neman dabara a YouTube, tafi urgence. Jinin ya maƙale ne ba ya samun iska, in an daɗe naman wurin na lalacewa kuma ƙarfin na iya tafiya har abada. Ka tafi da kwalin abin da ka sha. Masu sikila abin na samunsu ko ba su sha komi ba, har yara, kuma sikila ba baƙuwa ba ce a Nijar, akwai cibiyarta ta ƙasa a Yamai. Iyaye su gaya ma ɗiyansu maza wannan tun da wuri don yaro ba zai faɗa da kanshi ba.

Ni saurayi ne, aure saura wata biyu, na karanta cewa istimna'i ya kashe ni. Na shiga uku?

Kwantar da hankalinka ƙanena. Tambaya ɗaya: kana tashi da asuba ka same ta a miƙe? In eh, hanyar jini da jijiya lafiya lau suke, matsalar tsoro ce. Hukuncin abin a addini malamai sun yi bayani, ka bari don Allah, amma maganar wai ya tsotse maka jijiya ko ya ƙarar da maniyyi ba haka jiki ke aiki ba, masu son sayar maka da "maganin gyara" ne ke yaɗa ta. Abin da na ga yana ɓata samari shi ne bidiyon batsa, suna auna kansu da abin da anka yanka anka haɗa, sai ango ya shiga ɗaki kamar mai shiga jarabawar BEPC. Tsoro na sa jiki ya saki wani sinadari, adrenaline, ita kuwa matse hanyar jini take. Daren farko ya ƙi, ba komi, amarya ma a tsorace take.

Man shafawa da ƙwayoyin ƙara girma kuwa, babu wanda anka tabbatar yana ƙara ko santimita guda. Na ga wanda fatarshi ta saɓule.

Wani "docteur" a WhatsApp ya ce in turo hoton wurin da kuɗi. In tura?

Kada ka tura. Hoto ba ya nuna suga ko tansiyo, kuma da ya fita daga salularka ba naka ba ne. Ana amfani da irinshi a tatsi mutum, yau jikka goma gobe hamsin ko a watsa. In har ya riga ya faru kada ka biya, biya ba ya ƙarewa, ka ajiye saƙonnin ka kai ma ƴan sanda, Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019.

Maigidana ne ke da matsalar, ya daina shigowa ɗakina, in saya mishi in zuba a fura?

Don Allah Hajiya kada ki yi. Ba ki san abin da ke cikin ledar ba, ki duba amsar zuma da ta waɗanda bai kamata su sha ba, in ya faɗi ke za a tuhuma. Yawanci ba ƙinki yake ba, gudun kunya yake, shi ya sa yake daɗewa a fada sai kin yi barci. A gidan mata biyu abin ya fi muni don kowace na zargin ɗayar. Ki bi ta ƙofar da ba ta da kaifi, ki ce kin ga yana yawan shan ruwa da fitsarin dare ko ciwon kai, ku je a auna ku duka biyu. Namiji zai je awon suga da ƙafarshi, in ya zauna gaban likita sauran maganar na fitowa.

In sammu ne fa?

Ban hana ka addu'a da azkar ba, ni ma ina yi. Amma wanda anka ɗaure da wanda suga ya ci duk abu guda suke gani a shimfiɗa, kuma awon suga bai kai kuɗin zakaran da za a ce ka kawo ba. Fara da mai arha.

Tunda na fara maganin tansiyo abin ya lalace. In bari?

Yana yiwuwa, wasu magungunan na yin haka, irin masu sa fitsari na dangin thiazide da wasu irin atenolol, haka ma wasu magungunan damuwa. Amma kada ka yanke da kanka, hawan jinin da ba a riƙe ba shi ma yana kashe gaban, ga shanyewar jiki a gefe. Koma wurin wanda ya rubuta maka ka faɗa mishi ƙarara, akwai waɗanda ba su cika taɓa wannan fannin ba, sai ya canza.

To ina zan je nan Tahoua, kuma mi zan ce?

Ba sai ka fara da babban likita ba. CSI, ƙaramin asibitin unguwarku, ko wata kilinik ta isa a auna tansiyo da suga. Suga da safe kafin ka ci komi, in ta kai giram 1,26 a litar jini aka sake awo ta maimaita, ciwon suga ne. Tansiyo in tana zama 14/9 ko sama, hawan jini ne. Daga nan sai CHR, babban asibitin jiha, in ana buƙatar ƙarin awo, kitsen jini, ƙoda, ko testostérone, wato sinadarin namiji, in sha'awar ce ta mutu, shi da safe ake ɗaukar jininshi. Kada ka yarda a yi maka allurar testostérone babu awo, tana rage ƙwayoyin haihuwa, mai neman ɗiya ya kiyaye. In abin ya fi ƙarfin nan, a Yamai akwai likitocin mafitsara a asibitin Lamorde.

In an rubuta maka ƙwaya kada ka yanke hukunci a gwaji ɗaya, ana so a gwada sau da dama yadda ya dace, kamar yadda na faɗa a amsar Viagra. In ta ƙi ba ƙarshen hanya ba ne, akwai famfo mai jawo jini da zoben da ba a bari ya wuce minti 30, akwai allurar alprostadil da likita ke koya maka, akwai aikin tiyata. Barin taba, tafiyar ƙafa ta rabin awa kullum da rage sukarin shayi, mu da ke shan zagaye uku kowane da tulin sukari, suna gyara abin da gaske in an dage.

Maganar da za ka faɗa kuwa gajera ce: "Likita, ina da rauni wajen iyali, wata kaza ke nan." Ya ji ta sau ɗari kafin kai. In bakinka ya yi nauyi rubuta a takarda ka miƙa mishi, ko ka turo salular bisa tebur yadda kuke yi mini. Ka zuba duk abin da kake sha a leda ka tafi da shi, na asibiti da na tire da zumar da jiƙon, har kwalin da ya ƙare.